Wasiƙu ɗari biyu zuwa ga mijin wata

Tambaya:

Shekaruna 28, ban yi aure ba. Yau shekara biyu da wata biyar ke nan ina son wani mutum mai mata da 'ya'ya uku. Aiki ne ya haɗa mu. Ya san ina son sa. Sau biyu ya faɗa mini da bakinsa cewa ba zai rabu da matarsa ba, ba zai kuma ƙara aure ba, amma ya ce hira da ni ita ce hutun ransa. Wani lokaci sai ya jera kwana uku yana turo saƙo, daga nan ya yi shiru mako biyu. Ni kuwa ba daren da ba na rubuta masa wani abu. Ba waƙa ba ce mai baitoci da amsa-amo, zube ne, amma da harshen waƙa. Sun haura 200. Ga ɗaya daga ciki: "Kai ne ruwan da aka haƙa rijiyarsa a gidan wata, ni kuwa ƙishi ce tsaye a bayan katanga. In ka yi shiru nakan ji ƙarar shirunka har cikin haƙarƙarina. Ka ƙone ni, ba na roƙon a kashe wutar." Barci ya ƙaurace mini, aikina ya ja baya, na kori manema biyu. In tura masa su? In buga su littafi? Ko in daina rubutun? So ne wannan, ko na fara taɓuwa?

Amsa:

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki ta wannan gefen: ba ki taɓu ba. Abin da ke damun ki tsohon ciwo ne, an san shi, an kuma yi nazarinsa. Malaman da suka gabata suna kiran sa ishƙi. Ibnu Sina, likitan nan da ya rasu a 1037, ya sa shi cikin jerin cututtuka, kusa da ciwon baƙin ciki mai tsanani, har ya bayyana yadda bugun jijiyar majinyaci yake sauyawa idan an ambaci sunan wanda yake bege. A zamaninmu kuma wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, Dorothy Tennov, ta tattara bayanan mutane sama da 500, ta fitar da abin da ta gano a 1979. Alamomin da ta lissafa kamar wasiƙarki ta karanta: tunanin mutum ɗaya da ke kutso kai ba sallama, farin ciki da baƙin ciki da suka rataya kan ko ya waiwayo ko bai waiwayo ba, kambama kyawawan halayensa da kau da ido daga munanansa, da ƙaruwar wutar duk lokacin da aka gamu da shinge. A lissafinta yanayin yakan ɗauki wata 18 zuwa shekara 3 ga yawancin mutane, wasu ƙasa da haka, wasu kuwa shekaru masu yawa.

Abin da ya fi amfani cikin nazarinta shi ne makamashin wutar. Abu biyu ne, kuma sai sun haɗu: sa rai da rashin tabbas. Wanda aka ce masa e, aka cika, hankalinsa yakan kwanta. Wanda aka ce masa a'a, aka rufe ƙofa gam, yakan yi kuka ya share hawaye. Wanda ke tsaka-tsaki shi ne ke ƙonewa. Mutumin nan ya ce miki a'a da baki, sannan yana ce miki wataƙila da waya. Kwana uku na saƙo, mako biyu na shiru. Ko da gangan yake yi ko ba da gangan ba, babu tsarin da ya fi wannan ɗaure zuciya. Tun shekarun 1950 masanin halayya B. F. Skinner ya nuna haka da tattabaru: wadda ake ba hatsi duk lokacin da ta caccaki maɓalli, da an daina ba ta, ba ta daɗewa take haƙura. Wadda kuwa ake ba jefi-jefi, ba ta san yaushe zai faɗo ba, ita ce ke ci gaba da caccaka ba ji ba gani, har bayan hatsin ya ƙare. Haka injin caca yake aiki. Haka wayarki take aiki a hannunki yanzu.

Ƙwaƙwalwa ma ta ba da shaida. Helen Fisher da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masoya 17 a wani bincike da ya fito a 2005, suka ga ɓangaren da ke fitar da sinadarin dofamin, wato mai tunzura mutum ya nemi abin da yake kwaɗayi, yana kamawa da zarar an nuna musu hoton masoyi. A 2010 suka fitar da na mutum 15 da masoyansu suka guje su. Waɗannan sun ce sama da kashi 85 cikin 100 na lokacin da suke farke a tunanin wanda ya tafi yake ƙarewa, kuma wuraren da suka motsa a kansu har da waɗanda aka sani da motsawa a kan mai kwaɗayin ƙwaya. Akwai albishir cikin binciken: yawan kwanakin da suka wuce tun rabuwar, raguwar motsin sashen da ke da alaƙa da shaƙuwa. Jiki yana warkewa da kansa in an bar shi. Matsalarki ita ce kowane sabon saƙo yana fama gyambon kafin ya kame.

To, so ne? Abin da kike ji gaskiya ne, ba mu raina shi ba ko kaɗan. Amma ki lura da wanda kika sani. Kin san mutumin da ya yi wanka ya sa turare ya fito aiki, mai sassanyar murya a waya na minti goma sha biyar. Ba ki san shi da gajiya ba, ba ki san shi in aljihu ya bushe ba, ba ki ga yadda yake yi in yaro ya kwana yana kuka ba. Wannan kason duk matarsa ke ɗauka. Ke an ba ki ɗan yanki mai kyau, sauran giɓin kuwa ke kike cike shi da alƙalaminki. Shi ya sa son mijin wata ya fi kowane so wuyar gushewa: rayuwar yau da kullum, wadda ita ce ke sauko da masoyi daga sama ta mai da shi mutum, ba ta taɓa samun damar yin aikinta ba. Masu iya magana sun ce so hana ganin laifi. A naki ma ba a ba idon damar gani ba.

Yanzu mu zo kan rubutun, domin nan ne muke son mu daɗe.

Kina da baiwa. "Ƙarar shirunka" hoto ne mai rai, ba kowa ke iya haɗa shi ba. Amma ki sake karanta layukan nan uku da idon mai nazari. Shi ruwa ne. Matarsa katanga ce. Ke kuwa ƙishi ce. Babu mutum ko ɗaya a cikinsu. Shi an ɗaga shi ya zama abin da ba a rayuwa sai da shi, ita an mai da ita tubali mara zuciya, ke kuma kin tuɓe sunanki da aikinki da danginki da shekarunki 28, kin bar wa kanki buƙata zalla. Sannan kin rufe da alwashi: ba kya roƙon a kashe wutar. Wanda ya maimaita magana irin wannan dare 200 a jere, cikin mafi daɗin kalmomin da ya mallaka, hadda yake yi. Zube mai salon waƙa yana da wannan haɗarin fiye da waƙar baitoci. Ita waƙa kari da amsa-amo sukan tilasta wa mai yin ta ya tsaya, ya auna, ya jefar da kalma ya nemi wata, hankalinsa ya rabu tsakanin ciwon da ginin baiti. Shi zube ba shi da linzami. Yana zuba yadda zuciya ta zubo shi, jimla na kiran jimla, kambamawa na hawa kan kambamawa, har ki ajiye biro kin fi lokacin da kika ɗauka zafi.

Mutane da yawa sun ɗauka duk rubutu amayar da damuwa ne. Wani rubutun haka ne. James Pennebaker ya fara gwada wannan a Amurka, sakamakon farko ya fito a 1986: a zaunar da mutum minti 15 zuwa 20, kwana uku ko huɗu a jere, ya rubuta abin da ya fi ci masa rai. An ga amfaninsa ga lafiya. Amma da aka bi diddigin rubuce-rubucen, waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda labarinsu ya motsa daga rana zuwa rana, kalmomin dalili da fahimta irin su "saboda" da "na gane" suka riƙa ƙaruwa. David Sbarra kuma, a wani bincike da ya fito a 2013 kan mutanen da aurensu bai daɗe da mutuwa ba, ya ga akasin amfani ga masu yawan tuƙa da warwara: da aka sa su rubuta zurfafan abubuwan da suke ji, bayan watanni sun fi waɗanda aka sa su rubuta yadda suka tafiyar da yininsu kawai zama cikin damuwa. Ki duba rubutunki na 10 da na 190. Idan hotunan sun ƙara kyau amma maganar ba ta gusa ba, kin san rukunin da kike.

Saboda haka amsar tambayarki ta uku: kada ki daina rubutu, ki daina rubuta masa. Ga yadda za ki yi na kwana 30 na farko. Kalmar "kai" ta fita daga littafin gaba ɗaya, domin duk jimlar da ta fara da ita hira ce da shi, ko da ba ya nan. Ki riƙa kiran kanki "ta", shi kuma "ya", kamar kina ba da labarin wata da kika sani. Ethan Kross da abokan aikinsa sun nuna cewa mutum in ya yi zancen kansa da sunansa ko kamar yana zancen wani, yakan sami 'yar tazara tsakaninsa da zafin abin, ya fi iya yin hukunci. Ki yi rubutun da rana, a zaune kan kujera, a takarda ba a waya ba, ki saita agogo minti 20, yana bugawa ki rufe ko tsakiyar jimla kike. Ki haramta wa kanki wuta da ruwa da ƙishi da wata da taurari. Abin da ya faru kawai, da ranarsa da sa'arsa. Misali: "Ranar Talata ta tura masa saƙo ƙarfe 9 na dare. Ya karanta bayan minti huɗu. Bai amsa ba. Ta duba wayar sau 31 kafin barci ya ɗauke ta. Washegari ta makara, ta ce wa shugabanta ciwon kai ne." Kowane zama ki tabbatar akwai jimla ɗaya aƙalla mai "saboda". Za ki ji shi salam a farko, kamar an rage miki wani abu. Ki daure. Af, ko ta fuskar adabi wannan ya fi ƙarfi: mai karatu ya sha jin masoyi yana ƙonewa, amma "sau 31" sai ya tsaya masa a maƙogwaro.

Sau ɗaya a mako ki ba matarsa shafi guda. Ba don ki zage ta ba, ba kuma don ki azabtar da kanki ba. Ki rubuta yininta yadda kike zaton yake, tun daga tashi har kwanciya, har da lokacin da ta ga mijinta yana murmushi shi kaɗai da waya a hannu. Katanga ba ta jin ciwo, mace tana ji. Wannan shafin yakan yi wa irin wannan so abin da nasiha goma ba ta yi ba.

In tura masa su? A'a. Dalili uku, kuma na ukun ya fi nauyi. Na farko, ya riga ya sani, babu sabon labari a ciki, abin da kike nema shi ne ki ga fuskarsa ta sauya, wato wata ƙwayar hatsin. Na biyu, mutumin da aka miƙa wa shafi 200 na yabonsa ko dai ya tsorata ya gudu, ko ya gane cewa ba inda za ki je, ya ƙara sakankancewa. Duka biyun ba riba. Na uku, abin da ya bar hannunki ya bar ikonki. Waya tana faɗawa hannun mata, tana faɗawa hannun yaro, ana ɗaukar hoton saƙo cikin daƙiƙa ɗaya a yaɗa. Ranar da hakan ta faru shi zai ce ke kika liƙe masa, kuma ga hujja da rubutunki. Idan kin taɓa sa wasu a Facebook ko wani dandali, ko da ba suna, ki sauke su yau. Abokan aiki sun fi yadda kike zato iya haɗa zare.

Kada kuma ki ƙone su yanzu. Mai ƙonawa cikin fushi yakan wayi gari yana sake rubuta su daga ka, da ƙarin zafi. Ki tattara su, na waya ki juye su wuri ɗaya ki goge na kan wayar, ki sa a ambulan ki liƙe, ki ba wadda kika amince da ita ajiya, da sharaɗin ba za ta ba ki ba sai bayan wata 12. Maganar bugawa sai lokacin. Ma'auninta kuwa mai sauƙi ne: kina iya karanta su zuciyarki ba ta buga ba? Kina iya yanke rabinsu ba ki ji an yanke miki yatsa ba? An cire duk abin da zai sa a gane shi ko iyalinsa? Kuma da za a tabbatar miki ba zai taɓa ganin littafin ba, za ki buga? In amsar ta ƙarshe a'a ce, to wasiƙa ce kike son aikawa ta doguwar hanya.

Duk wannan gyaran rubutu ba zai yi aiki ba matuƙar saƙonsa na shigowa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ce maganin ishƙi shi ne haɗuwar masoya ta halal in akwai hanya, in kuwa babu, to a cusa wa rai yanke ƙauna, domin rai in ya tabbatar ba zai samu abu ba yakan huta da nemansa. Bayan ƙarni shida Tennov ta iso kusan wuri ɗaya: yanayin yana ƙarewa ne ko ta samun masoyin, ko ta komawa kan wani, ko ta hana shi abincinsa har ya mutu. Hanyar farko shi da kansa ya rufe ta, sau biyu. Ki gaskata shi. Mutum ba ya faɗar irin wannan magana sau biyu bisa kuskure.

Kafin ki yanke, ki ɗauki kwana bakwai kina ƙidaya, don ki ga abin da idonki. Takarda ɗaya: sau nawa kika duba waya dominsa a yini, sa'a nawa kika yi barci. Takarda ta biyu ki raba ta gida biyu, hagu abin da ya faɗa cikin shekara biyu da wata biyar, dama abin da ya aikata wanda ya jawo masa wata asara ko wahala dominki. Ki koma saƙonnin wata uku da suka wuce sau ɗaya tak, ki ƙirga wa ke farawa, da wane lokaci yake turowa. Sau da yawa mace takan tarar cewa saƙonnin suna zuwa ne a sa'o'in da suka yi masa daidai, in yana mota shi kaɗai ko gida ya yi barci, kuma ba ya samuwa ranar da ita take cikin matsi. Ya ce ke ce hutun ransa. Wurin hutu ana zuwa ne a tafi.

Rana ta takwas ki tura saƙo ɗaya, da rana, jimla uku, ba adon harshe: "Na yanke shawarar tsayar da duk wata hulɗa tsakaninmu in ban da ta aiki. Don Allah kada ka sake kira na ko turo mini saƙo. Ba zan amsa ba." Kada ki nemi haɗuwar bankwana. Haɗuwar bankwana ita ce inda ake kuka, a riƙe hannu, a koma gidan jiya. Kada ki yi bayanin dalili, kowane dalili ƙofa ce ta muhawara. Kina turawa ki toshe lambarsa a kira da WhatsApp da duk wani dandali, ki goge hirarrakin da hotuna da saƙonnin murya, ki daina bibiyar shafinsa da na matarsa da na 'yan'uwansa. Leƙen shafi ba ƙaramin abu ba ne: Tara Marshall a Ingila ta yi nazarin mutum 464 a 2012, ta ga masu leƙen tsohon masoyi a Facebook sun fi zama cikin ƙunci da bege, sun fi kuma jinkirin farfaɗowa. Togiya ɗaya: in shi shugabanki ne, ko yana da iko kan albashinki ko ƙarin girmanki, ki adana kwafin saƙonninsa a wurin amintacciyar nan kafin ki goge, ko da wata rana zai so ya huce a kan aikinki.

A wurin aiki, magana ta aiki kawai, a rubuce in zai yiwu, a gaban mutane in dole ne a haɗu. Ba shiga motarsa, ba zama ofis ɗaya ƙofa a rufe. In akwai damar sauya sashe ko reshe, ki nema, ko da zai ɗan rage miki jin daɗi. Ganin mutum kullum yana tsawaita jinya sosai.

Ga inda abin yake lalacewa, gara ki sani tun yanzu. Makonni biyu zuwa uku na farko za ki ji kamar abin ya ƙaru. Haka ne kuwa, ya ƙaru. Tattabarar da aka yanke wa hatsi ƙara ƙarfin caccaka take yi kafin ta saduda. Mata da yawa a nan suke cewa "ashe ba zan iya ba," alhali alamar magani ya fara kamawa ce. In kwaɗayin kiran sa ya taso, ki sani igiyar ruwa ce, tana hawa ta sauka, yawanci cikin minti 20 zuwa 30. Kada ki ce wa kanki "ba zan tuna shi ba." Daniel Wegner ya gwada wannan a 1987: ya hana mutane tunanin wata farar dabba na minti biyar, sai ga ta tana ta faɗo musu, kuma da aka sake su suka fi waɗanda ba a hana ba tunaninta. Ki ce "ga shi ya zo," ki duba agogo, ki miƙe tsaye, ki wanke fuska da ruwan sanyi, ki yi tafiya da sauri ko ki kira aminiyarki, ki gaya wa tunanin cewa lokacinsa gobe ne a zaman minti 20.

Na biyu, zai dawo. Wanda ya saba da wurin hutu ba ya son a rufe shi. Zai zo ta wata lamba ko ta bakin wani, da murya mafi taushi da kika taɓa ji, wataƙila da labarin rashin lafiya ko rigimar gida, wataƙila da "mu zama abokai kawai." Abota da wanda ake bege ci gaba ne da shan ƙwayar a ƙaramin cokali. In ya ce ya sauya ra'ayi, ma'aunin ɗaya ne: magana a fili, wadda iyalinki da nasa suka sani, mai rana da wata. Duk abin da ya gaza haka, tsohon zance ne cikin sabuwar riga. In kuma kika zame kika amsa masa wata rana, kada ki ce komai ya rushe. Ki rubuta me ya jawo, wace sa'a ce, kina ina, ki toshe wannan kafar, ki ci gaba daga inda kike.

Na uku, dare. Waya ta kwana a wani ɗaki, ki sayi agogon ƙararrawa. Ki tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, ko kin yi barci ko ba ki yi ba, domin shi ne ke daidaita na kwanciya. In kin kai kamar minti 20 a gado ido biyu, ki tashi ki zauna a haske mara ƙarfi, ki yi karatu ko addu'a, sai barci ya zo ki koma. Kada ki sayi maganin barci ko na kashe zafi da kanki don wannan. Sauya jaraba da jaraba ne, kuma ta biyun ta fi wuyar fita.

Na huɗu, manema. Kada ki yi wuf ki kama wani don ki manta, ko don labari ya kai masa ya ji kishi. Zalunci ne ga bawan Allah, kuma irin wannan wuta tana iya tsallakawa kan sabon mutum da duk halayenta. Ki ba kanki kamar wata shida. Bayan nan in mai kirki ya zo kika ji zuciyarki ba ta dukan uku-uku, kada ki yanke cewa babu so. Shekara biyu kin saba auna so da fargaba, mutumin da ke amsa saƙo kan lokaci dole ya yi miki kama da sanyi a farko.

Akwai inda shawarar jarida take tsayawa likita ya karɓa. In kin kai mako biyu kusan kullum cikin baƙin ciki, ba abin da ke yi miki daɗi, ci ya ragu har kina ramewa, ko aiki ya gagare ki, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren mai ba da shawara, ciwon damuwa ne mai magani. Haka in kin tsinci kanki kina bin sa, kina tsayawa kusa da gidansa, ko kina buɗe shafin bogi don ki yi wa matarsa magana. In kuwa tunanin kashe kanki ko cutar da wani ya taɓa gifta miki, ko da sau ɗaya, ranar nan za ki faɗa wa wani na kusa, ku tafi asibiti tare, ba sai gobe ba. Mun faɗi haka ne saboda layinki na ƙarshe, na wutar da ba kya son a kashe, bai bar mu mun wuce shi ba.

Ki sake rubuto mana bayan kwana 30 da tura saƙon nan. Ki haɗo da takardar ƙidayarki ta makon farko da ta makon ƙarshe, musamman sa'o'in barci, da shafi ɗaya daga sabon rubutun, wanda babu "kai" a cikinsa.